An Yi Aikin Zuciya Lafiya, Haɗarin Yana Jira a Gida

Duk wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya, ko yake da ɗa ko mata ko ƙani da aka sa wa, ko kuma ake cikin tara kuɗin da za a kai shi a sa masa, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya ci gaba da harkokinsa. Mutanenmu suna rasuwa bayan an yi musu aiki lafiya, an sallame su lafiya, sun sauka a filin jirgin Kano ko Abuja ko Yamai da ƙafafunsu. Abin da ke ɗauke su wata 'yar ƙwaya ce da aka daina sha ko aka sha fiye da kima, da gwajin jinin da aka yi sakaci da shi, da zazzaɓin da aka ɗauka na cizon sauro ne aka yi ta ɗura masa magani har mako uku. Kullum ana ƙara samun waɗanda aka yi wa wannan aiki a cikinmu, amma sanin yadda ake zama da sabon bawul bai bi su gida ba. Wannan giɓi shi ne ya hana ni yin shiru.

Zuciya tana da ƙofofi huɗu da likitoci ke kira bawul, kowanne yana buɗewa jini ya wuce, ya rufe kada ya dawo. Biyu na ɓangaren hagu, mitiral da na bakin babbar jijiya awota, su suka fi lalacewa. A Turai da Amurka yawanci tsufa ne ke cinye su. A wajenmu kuwa matasa ne, kuma mafarin abin ciwon maƙogwaro ne na yarinta. Wata ƙwayar cuta ta kama yaro tsakanin shekara 5 zuwa 15, ba a ba shi fenisilin ba, bayan mako biyu ko uku garkuwar jikinsa ta juya ta far wa gaɓoɓinsa da zuciyarsa. Gaɓoɓin su warke, zuciyar ta riƙe tabo. Shekaru su tafi, bawul ya ƙanƙance ko ya riƙa yoyo, sai ga budurwa tana haki a kan hawan matakala, ko mai ciki tana kwana a zaune don numfashi ya ƙi. Wannan ciwo yana kashe fiye da mutum 300,000 duk shekara a duniya, kusan dukansu a ƙasashe matalauta, shi ya sa a 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa. Wani bincike mai suna REMEDY da aka wallafa a 2015 ya bi majinyata 3,343 a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, har da Najeriya. Matsakaicin shekarunsu 28, kashi biyu cikin uku mata ne. Da aka waiwaye su bayan shekara biyu, kusan kashi 17 cikin ɗari sun rasu. Akwai kuma wani adadi a binciken da ya kamata ya tsaya wa kowa a rai: cikin masu shan maganin tsinka jini da aka gwada, kashi 28 cikin ɗari ne kawai jininsu yake daidai inda ake so.

Shi kansa aikin ba sabo ba ne. Tun 1960 Albert Starr ya yi nasarar dasa bawul ɗin da suka ƙera shi da injiniya Lowell Edwards a Amurka, kuma a 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu. A 2007 ƙungiyar Emergency ta ƙasar Italiya ta buɗe cibiyar Salam a gefen Khartum, inda ake yin aikin kyauta, kuma mutanen ƙasashen Afirka da dama sun amfana. Yau wasu ana yi musu a gida, wasu Indiya, wasu Masar. Ana shiga rediyo da Facebook a roƙi al'umma, a sayar da gona, a sayar da fili, dangi su yi karo-karo. Allah Ya saka wa masu bayarwa. Sai dai kusan kullum kuɗin jirgi da na tiyata ake lissafawa, babu wanda ke cewa a ware na ƙwayar shekaru, da na gwajin kowane wata, da na motar zuwa asibiti. Ranar da majinyaci ya dawo a yanka rago, a yi barka, kowa ya watse, a bar shi shi kaɗai da bawul ɗin da ba ya yafe mantuwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Babbar shawara a wannan lamari ana yanke ta ne tun kafin a shiga ɗakin tiyata, wato wane irin bawul za a sa. Akwai wanda ake ce wa na ƙarfe, yana iya daɗewa tsawon rai ba tare da ya lalace ba, amma jini yana son daskarewa a jikinsa, don haka mai shi zai sha maganin tsinka jini kullum har ƙarshen rayuwarsa. Akwai kuma na nama, wanda ake yi da fatar da ke lulluɓe zuciyar saniya ko da bawul ɗin alade. Shi yawanci 'yan watannin farko ne ake shan maganin, sai in akwai wani dalili kamar rikicewar bugun zuciya, amma yana tsufa. Yakan kai shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi kuwa yakan gaji tun kafin haka, a sake buɗe ƙirji. Wanda zancen alade ya dame shi ya faɗa wa likita tun da wuri, akwai na saniya. Wani lokaci ma ana iya gyara bawul ɗin mutum na asali, ko a buɗa wanda ya ƙanƙance da balan-balan da ake zurawa ta jijiyar cinya ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ba kowa hakan ke yi wa ba, amma kowa yana da hakkin ya tambaya.

Likitan Indiya zai dubi shekarun majinyaci, ya ga ashirin da biyar, ya ce na ƙarfe, kuma a ƙa'idar littafi bai yi kuskure ba. Abin da bai sani ba shi ne garinku, da nisan da ke tsakaninku da inda ake gwajin jini, da halin hanya in damina ta sauka. Ku za ku faɗa masa. In majinyaciyar budurwa ce ko matar aure mai son haihuwa, a faɗa masa wannan ma a fili, ba kunya, da mijin a zaune in akwai. Na ga yadda muke yi a gaban likita: uba ya sunkuyar da kai ya ce, “Likita, duk abin da ka gani shi ne daidai.” Ladabi ne, amma a nan ladabin yana da tsada. A ce masa, “Likita, mu daga garinmu zuwa inda ake gwajin nan tafiyar awa huɗu ce, kuma yarinyar nan aure za ta yi. Me ka gani?” Mai yiwuwa ya tsaya a kan na ƙarfen, mai yiwuwa ya sauya, amma zai yanke shawarar ne da sanin gaskiyar rayuwarku.

Sauran shirin ba shi da wuya. A je wurin likitan haƙori kafin tiyata, a cire ruɓaɓɓen haƙori, a wanke dasashi, domin ƙwayoyin cutar baki suna bin jini su maƙale a sabon bawul. Mai shan taba ko shisha ya ajiye tun makonni kafin ranar. Mai ciwon suga ya daidaita shi, in ba haka ba rauni ba zai haɗe da wuri ba. A faɗa wa likita duk abin da ake sha, har da jiƙe-jiƙe da garin magani na gida. Kuma in an ce lokacin aiki ya yi, kada a ja shekara biyu ana zagayen masu magani, domin zuciyar da ta riga ta buɗe ta saki ba ta komawa yadda take ko da an sa mata bawul mafi tsada. Ranar sallama kuma kada a fito daga asibiti sai da takardar da ta faɗi irin bawul ɗin, da girmansa, da gurbin da aka sa shi, da sunan maganin da adadinsa, da lambar gwajin jini mai suna INR da ake so jinin ya zauna a kai, da sunan likitan zuciyar da zai karɓi majinyaci a gida. A ɗauki hotonta a waya, a ba mutum biyu a gida su ajiye.

Yanzu ga inda aka fi asarar rai. Maganin nan, warfarin, ba a auna shi da yadda mutum yake ji a jikinsa. Kamar damun kunu ne, in ruwa ya yi kaɗan ya yi gudaji, in ya yi yawa ya tsinke, sai dai shi jini ba a ganinsa a ludayi. In maganin ya gaza, gudan jini zai taru a kan bawul ya hana shi motsi, ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. In ya yi yawa, jini ya ɓalle a hanji ko a cikin kai. Hanya ɗaya ce ta sanin inda ake, ita ce gwajin INR. Na mai lafiya da ba ya shan komai yana wajen 1. Mai bawul ɗin ƙarfe a awota yawanci ana son nasa tsakanin 2 da 3, mai shi a mitiral tsakanin 2.5 da 3.5, amma lambar da likitanka ya rubuta maka ita ce taka. Da farko ana gwadawa duk bayan 'yan kwanaki, sannan mako-mako, in ya zauna a koma kamar sau ɗaya a wata. Ba a kammala shi, ba a yaye mutum daga gare shi. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta kwanan wata, da sakamako, da adadin ƙwayar da aka ce a sha, ya zauna a aljihu ko a jaka duk inda za a je. Akwai 'yar na'ura da ke yin gwajin da ɗigon jinin yatsa cikin minti kaɗan. In majinyatan gari guda za su haɗa kai su nema wa asibitinsu ita da tsinkayenta, ko wani mai hali ya saya musu, sadaka ce da ta fi ragon barka nesa ba kusa ba.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne a gidaje da yawa. Wata shida bayan aiki yaro ya yi ƙiba, haki ya tafi, ya koma kasuwa. Ƙwayar da aka zo da ita daga waje ta ƙare. Ya je kemis biyu babu, ya ce sai ranar kasuwa. Kakarsa ta ce, “Kai ɗan nan, ba an yi maka aiki ba? Ai ka warke, sai godiyar Allah. Mutum ya yi ta haɗiyar ƙwaya kamar hatsi?” Kawunsa ya ce wani malami ya ba da rubutu da saiwa, a jarraba. Mako biyu ba abin da ya faru, sai kowa ya ce ka gani. Ana nan wata safiya a tashe shi salla a tarar baki ya karkace, hannu ba ya ɗaguwa. Duk waɗannan mutane sonsa suke yi, babu mugu a cikinsu, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani ne. Don haka bayanin nan ba na majinyaci kaɗai ba ne. A tara Inna da Baba da kawu da miji a faɗa musu da bakin da suke ji: jin daɗin jikin da kuke gani, ƙwayar ce ke riƙe da shi. Addu'a da rubutu ba sa karo da magani, a yi su tare, amma kada a ajiye ƙwaya ko ta kwana ɗaya sai da izinin likita. A kuma sayo sabo tun saura na mako biyu.

Akwai wani tarko da ya shafi masu zuwa waje musamman. A Indiya sau da yawa Acitrom ake rubutawa, a ƙasashen da ke bin tsarin Faransa kamar Nijar kuma akan ga Sintrom. Dangin warfarin ne, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, miligiram ɗaya nasu ya kai kusan biyu na warfarin. Wanda ya musanya ɗaya da ɗaya bisa lamba, ba tare da likita da gwaji ba, ya jefa kansa a ɗaya daga cikin ramukan nan biyu, daskarewar jini ko ɓallewarsa. Kada kuma a dogara da launin ƙwaya. A tsarin Ingila mai ruwan hoda miligiram 5 ce, a tsarin Amurka mai ruwan hoda miligiram 1 ce, kuma kasuwarmu daga ko'ina ake shigo mata da kaya. A karanta lambar da ke jikin kwali kowane saye. Wani kuma zai ce maka ai yanzu an yi sababbin magungunan tsinka jini da ba sa buƙatar gwaji, irin su Xarelto da Eliquis da Pradaxa. Gaskiya ne an yi su, kuma suna da amfani a wasu cututtuka, amma ba na mai bawul ɗin ƙarfe ba ne. An gwada Pradaxa a kan irin waɗannan majinyata, aka dakatar da gwajin tun bai ƙare ba saboda shanyewar jiki da zubar jini sun fi yawa, aka wallafa sakamakon a 2013. A 2022 kuma wani babban bincike mai suna INVICTUS ya nuna cewa ko ga masu wannan ciwon bawul na yarinta da bugun zuciyarsu ya rikice, tsohon maganin ya fi Xarelto tsare rai. Shi kuwa wanda ya manta bai sha ƙwayarsa ba, in ya tuna a ranar ya sha, in har gari ya waye kada ya ninka, ya rubuta a littafinsa ya faɗa wa likita.

Sai kemis, wanda shi ne asibitin farko na yawancinmu. Magungunan ciwon jiki da muke saye kamar gyaɗa, diclofenac da ibuprofen da asfirin da Feldene, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda a ce na gajiya ne, duk suna iya ɓalle jini a cikin mai shan warfarin. In ciwo ya dame shi farasitamol ne ya fi sauƙi, shi ma ba a yi ta sha kwanaki a jere ba. Flagyl da Septrin da Cipro da maganin ƙaiƙayin mata fluconazole suna ƙara wa warfarin ƙarfi, wani lokaci ƙwarai da gaske. Rifampicin na maganin tarin fuka kuwa karya shi yake yi, har mutum ya zama kamar ba ya sha. Ba cewa ake kada a sha su in larura ta kama ba, cewa ake likita ya sani, a gwada INR cikin 'yan kwanaki. Duk inda aka je, kemis ko asibitin ƙauye ko wurin cire haƙori, kalmar farko ita ce, “Ina da bawul na ƙarfe, ina shan warfarin.” Kada a yarda da allurar ɗuwawu haka kawai. Wanzami kuma a ba shi haƙuri: babu ƙaho, babu tsaga, babu sakiya, babu cire beli.

Game da abinci an cika tsorata mutane, har wasu su daina cin ganye gaba ɗaya, wannan ma kuskure ne. Zogale da alayyafo da rama da kabeji da sauran ɗanyen ganye suna da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin. Abin da ake so shi ne daidaito, yadda ka saba ci ka ci gaba da ci, a auna maka magani a kan haka. Matsalar tana zuwa ne in damina ta kawo kwaɗon zogale kullum bayan wata shida ba a ci ba, ko a ce wa majinyaci ya riƙa shan garin zogale cokali-cokali don ƙarin jini. Haka duk wani jiƙo da ba a san abin da ke cikinsa ba. Zawo da amai da rashin cin abinci na kwanaki su ma suna tsinka jini fiye da kima. In azumi ya gabato a je a gwada kafin a fara da kuma cikin watan, a tsayar da lokaci ɗaya na shan ƙwaya bayan buɗa baki. Wanda aka yi wa aiki kwanan nan kuwa, ko zuciyarsa ba ta gama murmurewa ba, shari'a ta riga ta yi masa rangwame, ya karɓa.

Alamomin da ba a kwana da su a gida kowa a gidan ya haddace su. Haɓon da ya ƙi tsayawa bayan minti goma ana matse hanci, fitsari ja, bayan gida baƙi ƙirin, aman jini, jinin al'ada da ya wuce saba, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko buguwa a kai ko da ba a ga rauni ba. Karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ko da ta saki bayan minti biyar. Haki da ya dawo, kasa kwanciya a miƙe, kumburin ƙafa, ƙarin nauyin kilo biyu cikin kwana uku, suma. Mai bawul ɗin ƙarfe yana jin ƙararsa tik, tik, tik, musamman da dare, har wanda ke kwance kusa da shi yakan ji. Ya saba da wannan ƙara ya san ta, domin ranar da ta dusashe ko ta sauya, tare da haki, mai yiwuwa gudan jini ne ya riƙe bawul, kuma wannan na awoyi ne, ba na kwanaki ba. A nufi babban asibitin da ke da likitan zuciya da na'urar hoton zuciya, da takardu a hannu.

Zazzaɓi kuwa ina roƙon a ba shi muhimmanci na daban, saboda a ƙasarmu duk zafin jiki maleriya ne, in ya ƙi ya zama taifot. Ga mai sabon bawul, na ƙarfe ko na nama, zazzaɓin da ya wuce kwana biyu ko uku, ko yake tafiya yana dawowa da gumin dare da rama da kasala, ana ɗaukarsa ƙwayar cuta ce ta zauna a kan bawul har sai an tabbatar ba ita ba ce. A yi gwajin maleriya, ba laifi, amma a nemi a ɗebi jini a shuka shi a ɗakin gwaji kafin a haɗiyi ko da kafso ɗaya. Kafson da aka saya a kemis yana ɓoye ƙwayar cutar, gwaji ya fito babu komai, ita kuwa tana can tana cin ɗinkin bawul. Maganin wannan ciwo allura ce ta jijiya ta mako huɗu zuwa shida a asibiti, wani lokaci har da sake tiyata. Tsaftar baki kullum, da burushi mai laushi ko asuwakin da ba ya fasa dasashi, da shan maganin kariya kafin aikin haƙori kamar yadda likita ya rubuta, suna cikin abin da ke tare shi.

Shi raunin ƙirji nasa mai sauƙin fahimta ne. An raba ƙashin ƙirji biyu an ɗaure da waya, yana buƙatar mako shida zuwa takwas kafin ya kama. A wannan tsakani babu ɗaukar abin da ya wuce kilo biyar: babu bokitin ruwa, babu jan guga, babu daka, babu goyo, babu tuƙin mota ko babur, kuma a rage hawa acaɓa a hanya mai gargada. In tari ya zo a rungume matashi a ƙirji. Salla a yi ta a zaune in sujada na sa a dogara da hannu wajen tashi. Amma kwanciya wuni guda ma cuta ce, a riƙa tattaki a tsakar gida safe da yamma ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu a tsane shi, kada a shafa masa man kaɗanya ko zuma ko toka. In ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da ruwa, ko ana jin ƙashin yana motsi, a koma asibiti. Masu dubiya a gode musu, amma a taƙaita zama, mai mura ya yi gaisuwa daga ƙofa. Gishiri da dunƙulen miya da kanwa a rage. In kuma aka ga majinyaci ya yi shiru, ba barci, ba cin abinci, yana kuka ba dalili, abu ne da ke samun mutane da yawa bayan aikin zuciya, ba raunin imani ba ne, a faɗa wa likita.

Ga mata akwai magana mai nauyi, kuma mazajensu nake so su ji. Warfarin yana iya nakasa jariri, musamman tsakanin mako na 6 da na 12 na ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da shi ba. Ajiye shi kuma yana iya kashe uwar, don ciki da kansa yana ƙara wa jini daskarewa. Akwai hanyoyin bi, wani lokaci a sauya zuwa allurar hefarin da sa ido sosai, wani lokaci a ci gaba da ƙwayar in adadinta kaɗan ne, amma duk sai an tsara tun kafin a ɗauki cikin, a kuma haihu a babban asibiti. A binciken REMEDY ɗin nan, ƙasa da kashi 4 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa ne ke amfani da wata hanyar tazara. Mace mai bawul ɗin ƙarfe da ta ga ɓatan wata ta je wurin likita a ranar, kada ta daina maganin da kanta, kada kuma ta ɓoye don kunyar surukai. Kunun kanwa da wankan jego mai zafin gaske ba nata ba ne. Namijin da zai auri irin wannan yarinya a gaya masa gaskiya tun farko, ya shiga da saninsa.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne cewa tiyata ta canja bawul ne, ba ta kori ciwon da ya lalata shi ba. Sauran bawul ɗin suna nan, kuma kowane sabon ciwon maƙogwaro yana iya sake tayar da cutar. Shi ya sa ake ci gaba da allurar fenisilin mai daɗewa a jiki duk mako uku ko huɗu, ko ƙwayarsa in likita ya ga allurar ba ta dace da mai shan warfarin ba, har zuwa shekara 40, wasu ma tsawon rai. A kuma waiwayi ƙannen majinyaci da suke kwana ɗaki ɗaya da shi tun suna yara. Yaron da ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ba tare da mura ko tari ba, asibiti za a kai shi a ba shi fenisilin, ba wurin wanzami ba. Wanda ciwo ke yawo a gaɓoɓinsa, yau gwiwa gobe idon sawu, ko wanda hannunsa da fuskarsa suka fara fizge-fizge har ake cewa iska ce ta taɓa shi, a nemi a saurari zuciyarsa a yi masa hotonta.

In akwai mai bawul a gidanku, yau ɗin nan a ɗauko kwalin maganinsa a ƙirga na kwana nawa ya rage, a karanta suna da lambar da ke jiki, a tambaye shi yaushe rabonsa da gwajin INR da nawa ya fito. In ya haura wata guda, ko bai san lambar da ake so nasa ya zauna a kai ba, gobe da safe wani ya raka shi asibiti.